Kalmar “thin” da abokan zamanta: dalilin da ya sa “siriri” kaɗai ba ya isar ɗalibi da mai fassara

Duk malamin da ya taɓa duba takardun insha'in Turanci na ɗaliban sakandare a Abaji, ko a wani gari da Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha, ya san wata jimla da ba ta rabuwa da takardun. Yaro yana son ya ce hanyar ƙauyensu siririya ce, sai ya rubuta “the road is thin”. Nahawun jimlar bai karye ba, bai ɓata harafi ko ɗaya ba, ƙaramin ƙamus ɗin da ke jakarsa ma ya goya masa baya, tunda ya duba ya ga “thin” na nufin siriri. Duk da haka mai duba takarda zai ja jan biro a ƙarƙashin kalmar, domin Bature ba ya haɗa “thin” da hanya. “Narrow” yake cewa.

Abaji ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, tana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, kuma tana maƙwabtaka da jihohin Kogi da Nasarawa da Neja. A gidajen yankin ana jin harsunan Egbura da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Fulatanci da Hausa. Yaron da ya taso a Yaba ko Pandagi yakan yi harshen iyayensa a gida, ya yi Hausa a kasuwa da filin ƙwallo, sannan ya shiga aji a ce ya yi Turanci. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara sukan fara gina jimla da Hausa a zuci kafin su juya ta, kuma a wajen juyawar ne ake yin tuntuɓe. Tuntuɓen kuwa yana da tsada. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko ta NECO ko makamancinsu, kuma akwai tambayoyi a waɗannan jarrabawa da ta JAMB da ba su gwada komai sai sanin kalmar da ta dace ta zauna kusa da wata.

Masana harshe suna da suna ga wannan al'amari, wato “collocation”, wanda za a iya kira zaman tare na kalmomi. Masanin nan na Ingila, J. R. Firth, shi ya yi fice wajen jawo hankali gare shi a shekarun 1950, inda ya nuna cewa wani ɓangare na ma'anar kalma yana tattare da kalmomin da ta saba zama da su. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don harshensa cike yake da misalai. Ana shan iska, ana shan wahala, ana shan kaye, amma ana cin bashi, ana cin zaɓe, ana cin amana. Ana cewa farin jini da jan aiki da baƙar wahala da ƙaurin suna. Baƙon da ya ce ya “ci iska” ko ya “sha bashi” za a gane nufinsa, sai dai za a san baƙo ne. Babu wata doka ta nahawu da ta hana shi. Sabo ne kawai na masu harshe, kuma sabon nan shi ne ake gwadawa a jarrabawa.

Asalin kalmar yana taimakawa wajen riƙe ma'anoninta. “Thin” tsohuwar kalma ce a Turanci, 'yar'uwar “dünn” ta Jamusanci da “tenuis” ta Latin, kuma masana sun mayar da su duka ga wani tsohon tushe mai ma'anar miƙewa ko ja. Abin da aka ja aka miƙe, kaurinsa yakan ragu. Abin da aka baza a fili mai faɗi, yawansa a kowane wuri yakan ragu. Abin da aka ƙara wa ruwa, ƙarfinsa yakan ragu. Kusan duk inda aka tsinci “thin” akwai wannan raguwa a ƙarƙashi. Hausa kuwa ba ta tara waɗannan a kalma ɗaya ba, ta raba su gida-gida: siranta daban, rama daban, tsinkewa daban, ƙaranci daban.

Kauri ko faɗi

A koma kan hanyar ƙauyen nan. Kalmar “siriri” a Hausa tana ɗaukar abu mai tsawo wanda bai da faɗi ko bai da kauri, shi ya sa ake cewa siririn zare, siririyar sanda, siririyar hanya, siririn rafi. Turanci ya raba wannan biyu. Akwai dabara mai sauƙi da ɗalibi zai iya amfani da ita ko a cikin ɗakin jarrabawa: ya tambayi kansa mene ne kishiyar abin da yake son faɗa. Idan kishiyar ita ce “mai kauri”, to “thin” ce, domin abokiyar gabarta “thick”. Idan kishiyar ita ce “mai faɗi”, to “narrow” ce, domin abokiyar gabarta “wide”. Hanya da gada da lungu da ƙofa da kogi duk faɗinsu ake aunawa, saboda haka “narrow road”, “narrow bridge”, “narrow door”. Waya da igiya da sanda da katako da bango kaurinsu ake aunawa, saboda haka “thin wire”, “thin rope”, “thin wall”.

Ta ɗaya ɓangaren, akwai abubuwan da Bature ke kira “thin” waɗanda Bahaushe ba ya kiran su sirara. Ba a cewa siririyar takarda ko siririn kwanon rufi, sai dai marar kauri. Naman da mai kilishi ya yanka fale-fale ya shanya a rana, shi ne “thin slices of meat”, ko “thinly sliced meat”. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan mota “a thin layer of dust” ce. Yadi marar kauri “thin cloth” ne, amma idan ya kai ga shara-shara, har ana hango jiki, an fi cewa “sheer” ko “see-through”. Mai fassarar da ya ga “thin mattress” ya rubuta “siririyar katifa” ya sa mai karatu ya zaci katifar ɗan makaranta ce ta mutum ɗaya, alhali abin da ake nufi katifa ce da ta lotse ko wadda tun asali ba ta da tudu.

Siriri daban, ramamme daban

A kan jikin ɗan Adam ne lamarin ya fi nauyi, domin a nan kuskure yakan zama cin fuska. Hausa ta bambanta siranta da rama sarai. Siranta halitta ce, ana iya yabon mace da ita. Rama kuwa abu ne da ya faru da mutum: ciwo, ko yunwa, ko tunani. Shi ya sa idan aka ce wa mutum “ka rame” tambaya ce ke biyo baya, ko lafiya. “Thin” tana tsaye a tsakanin biyun, amma ta fi karkata wajen rama. Idan Bature ya ce wa abokinsa “you look thin”, damuwa yake nunawa. Idan yabo yake nufi, “slim” zai ce, ko “slender” a rubutu mai ɗan ƙawa. “Lean” ta mutum ce marar kitse amma mai ƙwari, irin jikin ɗan tsere ko makiyayin da ya saba doguwar tafiya. “Skinny” kalmar hira ce, kuma sau da yawa akwai raini a cikinta, kamar a ce wa mutum tsinke. “Bony” da “scrawny” sun fi ta muni. “Gaunt” ta fuskar da ta zurma ce saboda ciwo ko wahala. “Emaciated” ita ce ƙarshe, wato ƙanjamamme, wanda ya zama daga fata sai ƙashi.

Abokan zaman kalmar ma suna tona halinta. Ana cewa “painfully thin”, “terribly thin”, “pale and thin”, “thin and weak”, duka na tausayi ne. Ba a saba jin “beautifully thin” ba. Ana kuma cewa “tall and thin” idan siffantawa ce kawai babu yabo babu zargi, kamar yadda za a kwatanta wanda ake cigiya. Aikatau ɗin da ke tafiya da ita su ne “get”, “grow”, “become” da “look”.

Akwai wani kuskure da ya yi jijiya a Turancin Nijeriya har ya zama kamar daidai: “he has leaned”, da nufin ya rame. A daidaitaccen Turanci aikatau “lean” na nufin jingina ko karkata, don haka mai duba jarrabawa zai karanta jimlar a matsayin “ya jingina”, ya tambaya da me. Abin da ake so shi ne “he has lost weight” ko “he has grown thin”. Haka kuma ya kamata a yi hattara da juyin gaisuwa. A wajenmu “ka yi ƙiba” na iya zama shaidar cewa mutum ya samu hutu da kwanciyar hankali. Wanda ya juya ta kai tsaye ya ce wa baƙuwa daga Ingila ko Amurka “you have grown fat” ya ɓata rawarsa da tsalle.

Tarihin cutar ƙanjamau ya nuna yadda waɗannan kalmomi ke ɗaukar nauyi. A 1985 likitoci suka bayar da rahoton wata cuta a yankin Rakai na ƙasar Uganda, wadda mutanen wurin ke kira “slim”, saboda yadda take zuƙe mai ita. Ita ce aka tabbatar cewa AIDS ce. Hausa ma ta bi hanya iri ɗaya, ta ɗauko sunan daga ƙanjamewa. Illar irin wannan suna ita ce, duk wanda ya rame sai a fara yi masa kallon zargi, wanda kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar amma jikinsa bai nuna ba sai a ɗauka lafiyarsa ƙalau. Wannan na cikin dalilan da suka sa kafofin watsa labarai da yawa suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki.

A rahotannin lafiya kalmomin suna da ma'auni, ba a sakin su yadda aka ga dama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran babban mutum “underweight” idan ma'aunin nauyinsa da tsawonsa ya gaza 18.5. Ga ƙananan yara akwai “wasting”, wato nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsawonsa, akwai kuma “stunting”, wato tsawonsa ya gaza abin da ya dace da shekarunsa, abin da muke kira tsumburewa. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59 da wani tef mai launin kore da rawaya da ja, kuma idan awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa cikin ja, wato tamowa mai tsanani. Mai fassarar da ya haɗa “thin” da “wasted” da “stunted” ya kira su duka “ramammu” ya rushe bambancin da rahoton ya ginu a kansa, domin yaro na iya tsumburewa ba tare da ya rame ba.

Daga wannan gida ne “lean” ta fita ta shiga maganar abinci da tattalin arziki. “Lean meat” tsoka ce marar kitse, ba a cewa “thin meat” sai in yankan ake nufi. “Lean years” shekarun ƙunci ne, kuma maganar ta samo asali daga ƙissar Annabi Yusuf da mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai ramammu. “Lean season”, wadda hukumomin agaji ke yawan ambata game da Nijeriya da Nijar, ita ce watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana kuma bai nuna ba. Manomin doya da masara a Abaji ya san lokacin nan ko da bai san sunansa na Turanci ba.

Kunu, jini da iska

Idan aka zo kan abu mai ruwa, Hausa tana da kalmominta masu daɗin ji. Kunu ya tsinke, miya ta yi tsululu, koko ya yi ruwa-ruwa. A nan “thin” ta dace: “thin soup”, “thin porridge”, “thin paint”. Amma ba ta shiga ko'ina. Shayin da ganye bai ji ba “weak tea” ne, mai kauri irin na masu shayin bakin tasha kuma “strong tea” ne in ganyen ake nufi. Nonon da aka yi wa algus da ruwa “watered-down milk” ne. “Watery” tana ɗauke da ƙorafi, wato ruwan ya wuce kima.

Wuri ɗaya da fassara ke iya jawo haɗari shi ne “blood thinner”. Wannan suna ne na hira da ake bai wa magunguna irin su warfarin, waɗanda likita ke rubuta wa masu wasu cututtukan zuciya ko waɗanda jini ya taɓa yi wa gudaji a jijiya. A haƙiƙa maganin ba ya mayar da jini ruwa-ruwa, abin da yake yi shi ne rage saurin daskarewarsa. Idan aka fassara shi da “maganin tsinka jini” an jefa mai karatu cikin ruɗu, domin a bakin mutane da yawa “jini ya tsinke” na nufin ya ɓalle yana zuba, kamar yadda ake faɗa game da mai haihuwa. Gara a tsawaita a ce maganin hana jini yin gudaji.

“Thin air” kuma tana da fuska biyu. Ta zahiri ita ce iskar wurare masu tudu ƙwarai, inda nauyin iska ke raguwa, kowane numfashi ya zo da ƙarancin iskar da jiki ke buƙata. Birnin La Paz na ƙasar Bolibiya yana kan tudun da ya kai wajen mita 3,600, kuma ƙorafin baƙin 'yan wasa ne ya sa hukumar FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a filayen da suka haura mita 2,500 a shekarar 2007, kafin daga baya ta janye. Mai fassarar labarin wasanni da ya rubuta “siririyar iska” bai faɗi komai ba. Ƙarancin iskar shaƙa saboda tudu ake nufi. Fuska ta biyu karin magana ce. “Vanish into thin air” shi ne ɓacewa ɓat, a nema sama da ƙasa a rasa, kamar yadda ake faɗa game da kuɗin wani aiki ko wanda ake nema ruwa a jallo. “Out of thin air” shi ne a ƙago abu daga babu, irin alkaluman da ba a san inda aka samo su ba.

Abin da aka baza kuwa, ba ya buƙatar dogon bayani. “A thin crowd” tsirarun mutane ne, taron da bai cika ba. “Thinly populated” yanki ne mai gidaje jefi-jefi, kodayake “sparsely populated” ta fi yawa a rubutun hukuma. “Thin hair” gashi ne marar cika, “thin on top” kuma ladabi ne na cewa sanƙo ya fara leƙowa. Manomin da ya bi kunya yana rage tsiron masara don saura su samu sarari, aikinsa shi ne “thinning”.

Murya ce kawai ke da ɗan tarko. Siririyar murya a Hausa tana iya zama abin yabo ga mawaƙiya. “A thin voice” kuwa murya ce marar ƙarfi marar cika, ta majinyaci ko ta wanda tsoro ya kama. “A thin smile” ma ba fara'a ba ce, yaƙe ne.

A ɗakin labarai

Mafi yawan “thin” da mai fassarar labarai ke cin karo da su ba su shafi jiki ko kunu ba, sun shafi siyasa da kotu da kasuwa. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, bayan zagayen cike giɓi, Aminu Waziri Tambuwal ya rinjayi Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342 kacal, a zaɓen da kowannensu ya samu sama da ƙuri'a dubu ɗari biyar. A Osun a 2018 Gboyega Oyetola ya rinjayi Ademola Adeleke da ƙuri'a 482. A Amurka a shekarar 2000 ƙuri'a 537 na jihar Florida ne suka raba George W. Bush da Al Gore. Irin wannan tazara ita jaridun Turanci ke kira “razor-thin margin”, ko “wafer-thin”, ko “paper-thin”, suna kwatanta ta da bakin reza ko fallen takarda. Hausa ba ta buƙatar reza a nan. Tana da “da ƙyar da jiɓin goshi”, tana da “tazara 'yar ƙanƙanuwa”, tana da “ƙiris ya rage”.

A lura da wani abu da ba shi da dalili sai sabo. Ana cewa “slim majority” da “narrow majority” da “thin majority”, duka sun halatta. Amma nasara “narrow victory” ce, tsallake rijiya da baya “narrow escape” ne, dama 'yar kaɗan kuma “slim chance” ce. “Thin chance” da “thin escape” ba sa cikin bakin masu harshen, kuma irin waɗannan ne masu tsara tambayoyin zaɓi ke jerawa a matsayin tarko. Abin dariya ma, “fat chance” ba kishiyar “slim chance” ba ce; gatse ne da ke nufin babu damar ko kaɗan.

A labarin kotu, “thin evidence” rarraunar hujja ce, wadda ba za ta riƙe tuhuma ba. Uzurin da bai gamsar ba “thin excuse” ne, kodayake “flimsy excuse” da “lame excuse” sun fi yawa. A labarin kasuwa, “thin profit margins” riba ce da ba ta taka kara ta karya ba, “thin trading” kuma ranar da ciniki ya yi ƙasa a kasuwar hannun jari. A labarin tsaro ana yawan cewa jami'ai “are stretched thin” ko “spread thin”, ma'ana sun yi kaɗan ga faɗin wuraren da aka rarraba su. Idan mutum ɗaya ne ya ɗebo ayyuka fiye da ƙarfinsa aka ce “he is spreading himself too thin”, Bahaushe ya riga ya tanadi amsa: taura biyu ba ta taunuwa.

“Wear thin” ta fito ne daga tufa da ta sha jiki har ta kusa yagewa. An bayar da kwangilar mayar da hanyar Abuja zuwa Abaji zuwa Lokoja tagwaye tun 2006, kuma a tsawon shekarun da aikin ya ɗauka jaridu sun sha rubuta irin jimlar nan cewa haƙurin matafiya “is wearing thin”. Fassararta ita ce haƙuri ya kusa ƙarewa, ko tura ta kusa kai bango. A kula da “kusa” ɗin nan, domin tufar ba ta yage ba tukuna. Wanda ya rubuta “tura ta kai bango” ya wuce inda labarin ya tsaya, kuma a labarin yajin aiki ko zaman sulhu wannan ɗan bambanci na iya sauya yadda jama'a za su ɗauki lamarin.

Haka “thinly veiled threat”, barazana ce da aka lulluɓe da mayafi shara-shara, kowa na hango ta. “Barazana a fakaice” ta yi kusa, amma ta rage wani abu, domin nufin maganar shi ne lulluɓin bai ɓoye komai ba. Idan suka ce aka yi haka, gugar zana ko habaici sun fi kamawa. “Thin-skinned” mutum ne da ba ya jure suka, abu kaɗan ya hau. “On thin ice” hoto ne na ƙasashen sanyi, inda tafki ke daskarewa a yi tafiya a kansa, kuma wanda ya taka inda ƙanƙarar ba ta yi kauri ba yana iya rufta wa. Mai karatu a Abaji ko Katsina bai taɓa ganin haka ba, don haka babu amfanin kawo masa ƙanƙara; a ce mutumin yana ganganci, ko matsayinsa na rawa. “The thin end of the wedge” somin-taɓi ne na abin da ake tsoron zai girma. “Through thick and thin” kuwa, wadda 'yan siyasa ke so a jawabin godiya ga magoya baya, ita ce komai wuya komai daɗi, ko komai rintsi.

A ganina laifin da ake ɗora wa ɗalibai a wannan fage ya fi dacewa da irin kayan aikin da ke hannunsu. Jerin kalmomi na “wannan na nufin wancan” da ake haddacewa tun firamare, da manhajojin fassara na waya idan aka ba su kalma ɗaya tilo, su ke koya wa yaro cewa kowace kalmar Turanci tana da tagwaye guda a Hausa. Manyan ƙamusoshi ba su yi wannan da'awa ba. Na G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 cike suke da misalan yadda kalmar Hausa ke sauya ma'ana gwargwadon abin da ta zauna da shi. Ƙamus ɗin Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana rarrabe ma'anonin kalma maimakon ya ba da amsa ɗaya. Kamfanin buga littattafai na Jami'ar Oxford ma ya fitar da ƙamus na musamman a 2002 wanda ba ya bayanin ma'ana sosai, aikinsa kawai nuna wace kalma ke zama da wace. Ɗalibin da bai da ko ɗaya daga cikinsu yana iya yin nasa: duk lokacin da ya tsinci sabuwar sifa a jarida ko littafin karatu, ya rubuta ta tare da sunan da ta siffanta, kada ya rubuta ta ita kaɗai.

Saura abubuwa biyu ƙanana da ke cin maki. Na farko rubutu ne: idan za a kwatanta, ana ninka harafin ƙarshe, a rubuta “thinner” da “thinnest”, haka ma “thinned” da “thinning” idan kalmar ta zama aikatau. Ba a cewa “more thin”, balle “more thinner”. Na biyu furuci ne, kuma yana fitowa a sashen gwajin furuci na jarrabawa. Sautin farko na kalmar babu shi a Hausa, shi ya sa Bahaushe yakan mayar da shi “s” ya ce “sin”, wadda ke nufin zunubi, mutanen kudu kuma sukan mayar da shi “t” su ce “tin”, wadda ke nufin gwangwani ko kuza. A aji ɗaya a Abaji ana iya jin duka biyun. Wanda ya yi karatun tajwidi yana da sauƙi a nan, domin sautin daidai yake da na harafin Larabci na huɗu, mai ɗigo uku a sama, wanda ake fitarwa ta hanyar ɗora bakin harshe a gefen haƙoran gaba na sama a saki iska ta wuce.